Ranar da Na Binne Ƙafafun Inna a Bakin Bahar Maliya

A shekarun da suka biyo bayan yaƙin Turawa na biyu, ina ɗinki a wata 'yar rumfa a unguwar Tandabawi ta birnin Makka, ni da kekena na hannu. Gidanmu yana bayan rumfar, ɗaki biyu na dutse da laka, rufin kuwa gwangwanayen kananzir ne aka farke aka shimfiɗa, kamar na yawancin mutanenmu a lokacin. Mu biyu ne a ciki, ni da Inna. Mahaifina ya rasu tun ina yaro, ni kuma ban yi aure ba tukuna.

Da ƙafa iyayena suka taso daga ƙasar Kano. Sun yi shekaru a hanya, su yi noma a nan, su yi ƙodago a can, har aka haife ni a gonakin auduga na Sudan. A goye na ƙetare Bahar Maliya, don haka ban san wata ƙasa ba sai Makka. Hausata ta cikin gida ce, in na fita kasuwa sai Larabci.

Ba ni ne na fari ba. Akwai wadda ta riga ni, mace, kuma ba daga bakin Inna na ji labarinta ba, daga matan unguwa na tsinta. Sun ce tana 'yar shekara uku ayarin ya sauka a wani gari bakin kogin Binuwai, agana ta kama ta. Mahaifina ya ɗauke ta ya kai ta wani gidan Nasara da ke ba da magani, ya dawo da yamma shi kaɗai, ya ce Allah ya karɓi abinsa, kuma an binne ta a can saboda kada cutar ta bazu. Da asuba ayari ya tashi. Ko sunanta ban sani ba. Inna mutuniyar da ce, ba ta faɗin sunan 'yar fari, da rai ko ba rai.

Da tsufa ya zo, ƙafafun da suka yi wannan tafiya suka soma ciwo. Sanyin ƙashi ya kama mata gwiwoyi, har ta kai ba ta iya zuwa Harami sai na riƙe ta. Mun sha magani iri-iri. Daga baya wata maƙwabciyarmu 'yar Yaman ta ce a ƙasarsu yashin bakin teku ake binne ƙafa a ciki idan rana ta gasa shi, zafin ya zuƙe sanyin. Da alhazai suka watse, gari ya yi shiru, ɗinki ya yi ƙasa, sai na rufe rumfa muka hau lori zuwa Jidda.

A wajen wani masunci ɗan garinsu Inna muka sauka, muna ce masa Kawu. Inna ta ce ita ba za ta buɗe ƙafa inda maza ke wucewa ba, sai Kawu ya sa mu a kwalekwalensa da hantsi ya yi arewa da mu, har ginin gari ya ɓace. Ya sauke mu a wani wuri da babu bukka, babu itace, babu ko sawun akuya. Ya ce zai je kamun kifi, sai la'asar zai dawo. Har ya tura kwalekwalen ya juyo ya ce mini:

"Ɗan nan, in rana ta take kuka ji an yi kira daga wajen ruwa, kada ku amsa."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Ban taɓa ganin wuri mai haske irin wannan ba. Yashin fari fat, cike da gutsattsarin duwatsun ruwa masu rassa, in ka taka su yi ƙara kamar busassun ƙasusuwa. Iska ba ta motsi. Tekun ya kwanta lumui kamar an zuba mai a faranti. Can nesa akwai gawar wani jirgi da ya taɓa ƙonewa ya kafe a kan duwatsu, baƙi ƙirin, tsuntsaye sun jeru a kansa ba mai kuka a cikinsu.

Na haƙa rami mai tsawo da hannu da ƙoƙo. Inna ta zauna a ciki ta miƙe ƙafa, na riƙa tura yashi mai zafi har ya rufe ta zuwa ƙugu. Na kafa sanduna biyu na ɗaura zane ya yi mata inuwa. Ta dubi tudun da ke kan ƙafafunta ta ce:

"Ka iya. Ranar da za a yi na gaske ba sai an koya maka ba."

"Haba Inna, wace irin magana ce wannan?"

"Maganar gaskiya. Miƙo mini ruwa."

Na miƙa mata butar Zamzam da muka taho da ita. Ta kurɓa, ta lumshe ido, ta ɗauki carbinta. Na zauna gefe ina kallon ƙaguwa suna fitowa daga ramukansu suna komawa.

Rana ta kusa tsaka sai na ji waƙa.

Da farko na ɗauka kunnena ne, don zafi yakan sa mutum ya ji abin da babu. Muryoyi ne da yawa, maza da mata a haɗe, a hankali, wasu sama wasu ƙasa, ba ganga ba tafi. Daga wajen ruwa take zuwa. Na dubi Inna, na ga carbin ya tsaya a hannunta.

"Kai ma ka ji?" ta ce.

Na tashi na kare ido da hannu. Kawalwalniya ta rufe bakin ruwan, komai yana rawa. A cikinta na hango mutane cikin fararen kaya, a jere, suna tahowa. Ban ga ƙafafunsu ba, kamar a kan iska suke tafiya. Sai waƙar ta matso har na soma rarrabe kalmomi. Da Hausa suke yi. Na ji "kogi", na ji "ƙetare", na ji "gida". A bakin tekun Jidda, a wurin da babu kowa, fararen mutane suna fitowa daga ruwa suna waƙa da harshen da ban taɓa ji a waje da unguwanninmu ba.

"Tone ni," in ji Inna. Na durƙusa na soma yaye yashin, sai ta riƙe mini hannu. "A'a, bari. In mutanen ɓoye ne, ina za ni da waɗannan ƙafafun?"

Ta soma karanta Ayatul Kursiyyu, ni ma na bi ta.

Da suka fito daga cikin kawalwalniyar sai ƙafafu suka bayyana. Mutane ne. A bayansu akwai ƙaramin jirgin ruwa da ya kasa matsowa saboda rashin zurfi, shi ya sa suka sauka suka tako. Turawa ne, ba su kai goma ba, da kwanduna da laima. Suka yi masauki ɗan nesa da mu, suka shimfiɗa farin ƙyalle. Mata biyu suka shiga tsintar ƙwanso. Wani saurayi ya shiga ruwa ya kwanta rigingine, hannuwa a buɗe, ido a rufe, ruwa yana ɗauke da shi, ko motsi ba ya yi. Inna ta ce, "Wancan ya mutu ne?" Na ce iyo yake yi. Ba ta yarda ba sai da ya ɗaga kai.

Babu mai ɗaga murya a cikinsu. Ko dariyarsu a hankali take, kamar ta masu zaman makoki da suka manta na ɗan lokaci.

Can wani dattijo a cikinsu, dogo, mai farar gemu, wuyansa ja wur, ya hango mu ya tako. Ya tsaya nesa kaɗan ya yi sallama da gurguwar Larabci. Na amsa. Inna ta ja mayafi ta ce ƙasa-ƙasa, "Me kuma wannan yake nema?"

Dattijon ya tsaya cak. Ya cire hularsa, ya rusuna, ya ce:

"Sannu da hutawa, Iya. Ba abin da nake nema sai gaisuwa. Ina gajiya?"

Hausarsa ta fi tawa. Irin ta tsofaffi ce, ba gaurayen Larabci ko kaɗan. Inna ta amsa gaisuwar don ba ta san yadda ake ƙin amsa gaisuwa ba, amma idonta yana kan ƙafafunsa, tana duba ko kofato ne.

Ya ce su 'yan mishan ne, ya yi shekaru masu yawa a ƙasar Hausa. Yanzu an tura su Habasha su buɗe gidan magani. Jirginsu ya tsaya sauke kaya a Jidda, ba a ba su izinin shiga gari ba, sai mai jirgin ya ce a kawo su nan su sha iska yini guda, don sun daɗe ba su taka ƙasa ba. Ya tambayi abin da ya sa aka binne Iya. Na gaya masa. Ya ce, "To, muna da mai jinya a cikinmu, 'yar ƙasarku ce. Bari in turo ta."

Sai a lokacin na lura da ita. Tana zaune a ƙarƙashin laima, ta ba mu baya, tana yanka burodi. Baƙa ce, siririya, da farar riga da farin ɗankwali. Ta taso ta nufo mu, tana tafiya tana ɗan jefa ƙafar hagu waje. Na san wannan tafiyar. Ita nake bi a baya tun ina rarrafe.

Ta durƙusa a gaban Inna, gwiwa biyu a yashi.

"Sannu, Inna. Ƙafa ce?"

Ba ta san haka nake kiran mahaifiyata ba. Kowace 'yar Hausa tana iya ce wa tsohuwa Inna. Amma na ga Inna ta ɗago kai ta kafe ta da ido.

Za ta girme ni da 'yan shekaru. Fuskarta duk zanzana ce, ramukan da agana ke bari. A ƙarƙashin zanzanar, in ka duba da kyau, akwai tsaga: uku-uku a gefen baki, da guda ɗaya doguwa a kumatun dama. Irin ta Inna ce sak. Ni ba ni da ita, don babu wanzamin garinsu a Sudan. A wuyanta akwai ƙaramin gicciye na ƙarfe a jikin zare.

Ta sa hannu ta taɓa yashin, ta ce ya yi zafi da yawa, zai iya sale fata. Ta yaye na kan gwiwoyin, ta riƙa dannawa a hankali tana tambaya, nan fa, nan fa. Inna ba ta kallon gwiwar. Hannuwan take kallo.

"'Yar nan," ta ce, "ke 'yar ina ce?"

"Ni? A gidan mishan na tashi, can bakin Binuwai. Asalina kuwa ban sani ba." Ta faɗa tana murmushi, kamar wadda ta saba ba da labarin. "An ce wani matafiyi ne ya kawo ni ina ƙarama, agana ta rufe ni ruf. Ya ce uwata ta rasu a hanya, shi kuma ba zai iya da ni ba. Ya ce zai dawo. Ko da na warke ayarinsu ya yi nisa."



"Shekarar agana ce," ta ci gaba. "Mu da yawa aka kawo. Mun kai mu nawa a gidan da labarinmu ɗaya ne, har mukan yi wasa mu ce ko uba ɗaya ne ya bi gari-gari yana ajiye mu."

"Uwar taki," in ji Inna, "an ce ta rasu?"

"Haka aka ce."

Inna ta gyara mayafinta. Sannan ta ce, da muryar da ake yi wa mutum ta'aziyya:

"Allah ya jiƙanta."

"Amin, Inna. Kullum ina sa ta a addu'a, ko da yake ban san fuskarta ba."

Mahaifiyata tana zaune, rabinta a cikin ƙasa, tana yi wa kanta addu'ar matattu, ana amsa mata da amin.

Na ce, "Baiwar Allah, sunan da kika zo da shi fa?"

"Ban zo da suna ba. Mutumin bai faɗa ba, ko kuma wanda ya karɓe ni bai riƙe ba. Su suka raɗa mini wani. An ce na yi wata da watanni ana kirana ba na juyowa."

Na juya harshe zuwa Larabci don kada matar ta gane. Na ce wa Inna ta faɗi sunan 'yarta ta fari, sau ɗaya kawai, mu ga ko za ta juyo. Na ce ba za mu sake samun wannan ranar ba. Inna ba ta dube ni ba. Da Hausa ta amsa, a fili:

"Ka taɓa jin na faɗa?"

Matar ta dube ni, ta dubi Inna. Ta mayar da yashi mai ɗan sanyi kan gwiwoyin, ta daddanna shi da tafin hannu kamar mai lallashin yaro. Sannan ta ɗaga kai ta nuna duwatsun da ke gabas, waɗanda zafi ya mayar shuɗaye.

"Makka tana bayan waɗancan ne?"

Na ce e.

"An ce can mutumin ya nufa. Da jirginmu ya tsaya na ce a raina, to, ga inda ya fi ni." Ta yi 'yar dariya, irin mai fita ta hanci. "Ko ya iso, oho."

"Da yawa sun iso," in ji Inna. "Suna kwance a can."

"An ce mu ba a bari mu shiga."

"Ba a bari."

Inna ta ɗauki butar Zamzam ta tsiyaya a murfi ta miƙa mata. Matar ta tsaya da hannu a sama.

"An yarda in sha?"

"Ruwa ne. Sha."

Ta karɓa da hannu biyu ta shanye. Ta ce yana da ɗan nauyi a harshe. Inna ta ce haka yake, sai an saba. Daga can aka kaɗa wata 'yar ƙararrawa, alamar abinci. Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa, ta ce kada a bar Inna a yashin ya wuce misali, kuma a riƙa shafa mai da dumi. Ta ce, "Sai wata rana, Inna." Inna ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Iyakar sallamar ke nan.

Muna kallonsu suka sunkuyar da kai suka yi addu'arsu, suka ci abinci. Bayan haka matan suka shiga ruwa da rigunansu, suna riƙe da juna. Mai jinyar kuwa ta ware. Wurin ba zurfi, mutum yana iya tafiya mai nisa ruwa bai wuce gwiwa ba. Ta yi ta tafiya har ta zama 'yar ƙarama, farin ɗigo tsakanin mu da ƙonannen jirgin. Can ta juyo ta tsaya. Ban san ko mu take kallo ko duwatsun da ke bayanmu ba. Ta daɗe a haka, hannuwa a sake, ruwa bai motsa ba, ita ma ba ta motsa ba. Har dattijon ya je bakin ruwa ya kira ta da wancan sunan nasu, ya sake kira, ya sake, kafin ta taho.

Na ce wa Inna yashin ya isa haka, bari in tone ta. Ta ce in bari.

Kafin la'asar suka tattara kayansu. Suka bi ta cikin ruwa kamar yadda suka zo, a jere, ƙafafunsu suka sake ɓacewa, sannan jikinsu. Wannan karon ba su yi waƙa ba. Ba ta biyo ta wajenmu ba, amma da za ta hau jirgin na ga an ɗaga hannu ɗaya, baƙi.

Sai da suka ɓace Inna ta yarda na tone ta. Ƙafafunta sun yi jawur, ba ta iya tsayuwa ba sai da na ɗaga ta. A gabanta akwai gurbi biyu a yashi inda matar ta sa gwiwa. Inna ta sunkuya da ƙyar, ta sa tafin hannunta a ɗaya ta bar shi a nan. Daga baya ta share duka biyun, ta ce in naɗe zanen.

Da Kawu ya dawo ya ga fuskokinmu ya ce, "An kira ku ne?" Inna ta ce, "Baƙi ne suka zo shan iska." Bai ƙara tambaya ba.

Mun koma Makka washegari, Inna ta ƙi a ƙara kwana. A lori ban bar ta ta huta ba. Na ce tafiyar matar nan irin tata ce, tsagar ma tata ce, dariyar ma tata ce. Ta ce rabin matan ƙasarsu tsagarsu ke nan. Na ce jirgin yana nan a Jidda, mu koma. Ta ce, "In koma in ce mata me? In ce ubanta maƙaryaci ne, kuma yana kwance inda ba za ta iya zuwa ta tambaye shi ba? Ko in ce taho gida, a tsayar da ita a kan iyaka?"

Akwai wani tsoho a unguwar Zahir, mai sayar da gyaɗa soyayya, wanda ayari ɗaya suka taso da iyayena. Na je na same shi ba da sanin Inna ba. Na tambaye shi labarin ranar da mahaifina ya kai yarinyar gidan Nasara. Ya daɗe yana juya gyaɗa a kasko kafin ya ce:

"Ubanka mutumin kirki ne. Madugu ya ce ba za a tafi da mai agana ba, kuma ba za a jira ba. Uwarka da ta san yarinyar tana numfashi, da ba ta taka ko'ina ba, da ayari ya bar su su uku a garin da ba su san kowa ba. Ni ban ga kabari ba. Ban kuma ce babu kabari ba. Ya dawo, ya faɗi abin da ya faɗa, muka yi masa gaisuwa."

"Baba, kai me ka ɗauka?"

"Na ɗauki kayana na bi ayari, kamar kowa."

Ban gaya wa Inna na je ba. Ita ma ba ta sake tayar da zancen ba, sai sau ɗaya, bayan wasu watanni. Ina ɗinki ta leƙo rumfa, abin da ba ta saba ba, ta ce in na je Harami in tambayar mata malami wata mas'ala. Ta ce: mutum ne ya yi shekaru yana sadaka yana ɗawafi yana kai ladan ga wani da ya ɗauka ya mutu, ashe mai yiwuwa yana raye. Ina ladan yake tafiya?

Na tambayi wani malami Bafillace da ke karantarwa bayan sallar asuba. Ya ce Allah ba ya ɓatar da aikin kowa, ya san inda zai ajiye shi. Ya ce in kuma ana shakka, a roƙa wa mutum alheri ba sai an ce rayayye ko matacce ba.

Na kawo mata amsar tana tsince shinkafa. Ta saurara har ƙarshe, ta gyaɗa kai, ta ce:

"To. Ita ma haka za a yi da addu'ar da take yi wa uwarta."

Ta ce in miƙo mata tukunya.